Wai su ma Turawan da ashana suka raba ƙasa? Mu tattauna kan iyakokin Polan da Jamus

Ɗan Jibiya:
Salamu alaikum 'yan gida. Wani abu ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum ana ce mana masifar Afirka ita ce iyakokin da Turawa suka shata mana, su kuma can kowa da ƙasar kakanninsa, Bajamushe a Jamus, Bafaranshe a Faransa, shi yasa suke zaune lafiya. Toh sai na ga wani bidiyo na taswirar Turai yana gudu shekara bayan shekara, wallahi layukan nan basa zama wuri ɗaya, akwai ma wurin da Polan ta ɓace ɓat kamar ba'a taɓa yinta ba, can kuma sai gata ta dawo, sai kuma ta matsa yamma. Masana ku taimaka, gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne?

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam. Ko ma dai gaskiya ne ai ba ɗaya bane da namu. Su da kansu suka yi yaƙinsu suka shata iyakarsu, mu kuwa wasu ne daga uwa duniya suka zo da rula. Kar ka haɗa.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam Ɗan Jibiya. Gaskiya ne ba haɗi ba. Sarkin Gardama kai kuma ka ɗan dakata, kaje ka faɗawa mutumin Polan cewa shi ya shata iyakarsa da kansa kaga irin kallon da zai maka.

A 1569 Polan da Lituweniya suka haɗe suka zama daula ɗaya, a ganiyarta ta kai kusan murabba'in kilomita miliyan ɗaya, wato ta ɗara Najeriya ta yau. Sojojinsu har Mosko suka shiga suka zauna daga 1610 zuwa 1612, kuma hutun da Rasha take yi duk 4 ga Nuwamba na tunawa da korarsu ne. A 1683 sarkinsu Jan Sobieski shi ya jagoranci rundunar da ta kori sojojin Daular Usmaniyya daga bakin Biyana, babban birnin Ostiriya. Toh wannan ƙasar ce bata yi shekara ɗari da wannan nasarar ba aka fara yankar namanta.

Abin da ya cinyesu daga cikin gida ne. Sarki zaɓensa ake yi, kuma a majalisarsu akwai wata doka da mutum ɗaya tak in ya miƙe yace bai yarda ba shikenan zaman ya watse har da dokokin da aka riga aka amince. Kaga in kai maƙwabci ne mai kuɗi baka buƙatar sayen majalisa, mutum ɗaya zaka saya. Sarkinsu na ƙarshe ma, Stanisław Poniatowski, tsohon saurayin sarauniyar Rasha Katarina ne, ita ta ɗaure masa gindi ya hau. A 1772 Rasha da Furusiya (wata masarautar Jamusawa) da Ostiriya suka yanki rabon farko, a 1793 Rasha da Furusiya suka ƙara, a 1795 su ukun suka share abin da ya rage. Shekara 123 babu ƙasa mai 'yanci da ake kira Polan, sai 1918.

Ɗan Jibiya:
Innalillahi. Malam to mutanen fa, ina suka tafi duk wannan shekarun?

Malamin Tarihi:
Suna nan a gidajensu mana, sarakuna ne suka canja. Wani ya wayi gari talakan sarkin Rasha, ɗan uwansa talakan sarkin Furusiya, wani na Ostiriya. Sunyi tawaye a 1830 da 1863 Rasha ta murƙushesu ta kwashi dubbai zuwa Saiberiya. Abin ban tausayin a yaƙin duniya na ɗaya kowace daula ta ɗebi nata 'yan Polan ta sa musu kaki, suka riƙa harbin juna.

Ummu Ilham:
Allah ya ƙara basira Malam. Ni a Jamus nake zaune da maigidana, kuma akwai wata tsohuwa maƙwabciyata da in ka tambayeta daga ina take sai tace Breslau. Na daɗe ina neman garin a taswirar Jamus ban gani ba, ashe yanzu sunansa Wrocław kuma yana cikin Polan. Tana 'yar ƙarama aka fito dasu cikin sanyin 1945, tace abin da take tunawa kawai babarta ta kulle ƙofa ta sa makulli a aljihu don a zatonta sati biyu zasu yi su koma. Har yau makullin yana cikin wani gwangwanin biskit a ɗakinta, ta taɓa nuna min, dogo ne baƙi irin na da.

Sarkin Gardama:
Toh Hajiya ai su suka jawo. Waye ya fara yaƙin? Hitila bai tambayi kowa ba ranar 1 ga Satumba 1939 da ya afkawa Polan. Wanda ya shuka iska...

Ummu Ilham:
Yaya ban ce basu jawo ba, ita kanta tsohuwar bata musun abin da Jamusawa suka aikata. Amma yarinyar da ko makaranta bata shiga ba me ta shuka?

Dokta Ɗan Zariya:
Bari in shigo nan don ni ta ɗaya ɓangaren na gani. A Yukiren nayi karatun likita, kuma da yaƙi ya ɓarke a 2022 ta Lviv muka bi muka tsallaka Polan kamar yawancin ɗalibanmu. Garin nan in ka shiga zaka rantse ba a tsohuwar Tarayyar Sobiyet kake ba, gine ginen irin na Biyana ne, kuma a wasu tsofaffin bangwaye inda fenti ya ɓare zaka ga tallar shaguna da rubutun Polan da na Yahudawa. Daga 1772 zuwa 1918 yana hannun Ostiriya ana ce masa Lemberg, sai Polan ta riƙe shi har 1939 da sunan Lwów, sai Sobiyet, sai Jamus ta kama shi a 1941, sai Sobiyet ta ƙwato a 1944, sai Yukiren a 1991. Kafin yaƙi kusan rabin mutanen garin 'yan Polan ne, kusan kashi ɗaya cikin uku Yahudawa, 'yan Yukiren sune tsiraru a cikin birni duk da ƙauyukan kewaye nasu ne. Yahudawan 'yan Nazi suka hallaka, 'yan Polan kuma aka loda su a taragon jirgin ƙasa aka yi yamma dasu.

Hajiya Ummu Ilham abin da zai baki mamaki, wasu daga cikin waɗanda aka kwaso daga Lwów ɗin a Breslau aka sauke su. Ba mamaki wanda ya shiga gidan su tsohuwar taki shima da nasa makullin a aljihu. Har babban ɗakin karatunsu na Ossolineum suka kwashi wani ɓangare suka kai can, da mutum mutumin wani marubucinsu Fredro, yana nan a tsakiyar kasuwar Wrocław.

Ummu Ilham:
Ikon Allah. Dokta wallahi jikina yayi sanyi.

Ɗan Jibiya:
Amma tsaya, ya akayi ƙasa guda ta matsa yamma? wa ya yanke hukuncin?

Malamin Tarihi:
Yauwa ka zo wurin da nake so Sarkin Gardama ya ji. Ranar 23 ga Agusta 1939 ministocin wajen Jamus da Sobiyet, Ribbentrop da Molotov, suka sa hannu kan yarjejeniya mai ɓoyayyen sashe na raba Polan. Jamus ta shiga 1 ga Satumba, Sobiyet ta shiga ta gabas ranar 17. Daga baya suka ɓata, Stalin shugaban Sobiyet ya koma ɓangaren Ingila da Amurka, amma yace rabon da ya ci bazai amayar ba. A taron Tehran na ƙarshen 1943 Churchill firaministan Ingila ya ɗauko ƙwayar ashana uku ya jera a tebur, ɗaya Rasha, ɗaya Polan, ɗaya Jamus, ya tura su gefe ya nunawa Stalin yadda za'a matsar da Polan yamma, a biyata da ƙasar Jamus. Babu ɗan Polan ko ɗaya a ɗakin. Shi Churchill ɗin da kansa ya bada labarin.

A Yalta da Potsdam a 1945 aka ƙarasa. Polan ta rasa kusan murabba'in kilomita 180,000 a gabas, da Lwów da Wilno (wato Vilnius, babban birnin Lituweniya a yau) a ciki, aka bata kusan 100,000 daga Jamus har bakin kogin Oder da Neisse. Danzig ya koma Gdańsk, Stettin ya koma Szczecin. Königsberg, garin da masanin falsafa Kant ya rayu ya mutu, Rasha ta ɗauke, a 1946 ta sa masa Kaliningrad, kabarinsa yana nan a ƙasar Rasha yanzu. Jamusawan da suka gudu ko aka kora daga gabashin Turai sun kai miliyan 12. A 1947 Polan ita ma ta tattara 'yan Yukiren kusan 140,000 da suka rage a kudu maso gabas ta warwatsa su a sabbin yankunan.

Shi yasa in naji ana cewa Turai kowa da ƙabilarsa nake murmushi. Kafin 1939 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Polan ba 'yan ƙabilar Polan bane. Ba layin aka ja ya bi mutane ba, mutanen aka kashe aka kora har suka dace da layin.

Sarkin Gardama:
Malam na ji wannan, amma har yanzu Turawa ne suka yiwa Turawa. Maƙwabta ne, sun san juna, sun san kogin da suke magana a kai. Mu fa? wanda ya ja layin tsakanin Jibiya da Maraɗi ko ƙafarsa bai taɓa sawa a wurin ba.

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Nan kam Sarkin Gardama yana da 'yar gaskiya, amma ku bari in hwaɗa muku wani abu da muka koya a lakwal. A 1898 Ingila da Faransa sun ja wani baka na mil 100 kewaye da Sakkwato, duk abin da ke ciki na Ingila. Sai Faransawa suka ga in za su taho daga kogin Kwara zuwa Damagaram dole su bi ta hamada inda babu rijiyoyi. Suka yi ta kuka har 1904, Ingila ta yarda ta ja layin ya yi kudu. Kun san mi Faransa ta bayar a cikin cinikin? haƙƙin kamun kihi a gaɓar Newfoundland can wajen Kanada. To kun ga wasu garuruwanmu suna biyan Sefa yau maimakon Naira saboda kihin da ba mu taɓa ci ba.

Ɗan Jibiya:
Hhhhh Ɗan Damagaram dan Allah da gaske? kifi aka baku kenan

Ɗan Damagaram:
Wallahi ba wasa ba ne abokina, cikin yarjejeniyar nan ce da suka sasanta rigingimunsu na Masar da Maroko.

Baba Na Mubi:
Yarana sannunku da ƙoƙari. Ni ba ɗan boko bane sosai amma wannan da idona na ga ƙarshensa. Mu a Mubi yaƙin Turai ne ya sauya mana ƙasa. Da farko Jamus ce take mulkinmu, Ingila ta riƙe Yola, Jamus ta riƙe Garwa da Marwa da Ngaundere, aka bar Lamiɗo da fada a wata ƙasa, yawancin talakawansa a wata. Da aka ci Jamus a yaƙin farko Ingila da Faransa suka raba Kamaru, mu muka faɗa hannun Ingila. A 1961 ina yaro aka yi ƙuri'a, mu na arewa muka zaɓi Najeriya aka kira mu lardin Sardauna, na kudu suka zaɓi Kamaru. Kakana bai taɓa tashi daga unguwarsu ba amma ya biya haraji ga Lamiɗo da Jamus da Ingila da Najeriya.

Malamin Tarihi:
Allah ya ja kwana Baba. Irin labarin kakanka akwai shi sak a garin Uzhhorod da ke Yukiren yanzu, wanda aka haifa kafin 1918 ya kuma kai 1991 ya zauna a Ostiriya-Hungari, Cekoslobakiya, Hungari, Sobiyet da Yukiren bai sauya gida ba.

Hafsat 'Yar Jami'a:
Malam ni tambayata daban ce. Naga kuna ta maganar gabas, su Faransa da Jamus fa? na ɗauka su tasu iyakar ta daɗe.

Malamin Tarihi:
Malama Hafsat tasu ma haka take, sai dai yanki ɗaya suka yi ta ja, Alsace da wani ɓangare na Lorraine. Sarkin Faransa Louis na 14 ya kama Strasbourg a 1681. A 1871 Bismarck shugaban gwamnatin Furusiya ya lallasa Faransa ya karɓe yankin ya kuma ɗora musu tarar farank biliyan 5, kuma don cin fuska a cikin fadar Versailles aka yi shelar kafa daular Jamus. A 1919 Faransa ta rama, a wannan fadar dai aka sa Jamus ta sa hannu ta mayar. Hitila ya sake ƙwacewa a 1940 ya tilastawa samarin yankin kusan 130,000 sa kakin Jamus, da yawa a fagen Rasha suka mutu. 1945 ya koma Faransa.

Ummu Ilham:
Malam mun taɓa zuwa Strasbourg, daga Kehl ta ɓangaren Jamus ɗan jirgin cikin gari kawai muka hau ya tsallaka kogin Rhine, mutane da ledar cefane a hannu, wasu sun zo sayen kayan wanka don sun fi araha a Jamus. Ilham tana ta tambayata Mama mun shiga Faransa? ni kaina ban san inda muka shiga ba.

Malamin Tarihi:
Kuma har yau akwai ragowar zamanin Jamus a dokokinsu. A 1905 Faransa ta raba addini da gwamnati, lokacin Alsace tana Jamus, don haka dokar bata hau kansu ba, har gobe gwamnati ce take biyan limaman coci da na Yahudawa albashi a can. Robert Schuman, ministan wajen Faransa da ya kawo shawarar haɗa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu a 1950, wadda ta zama tushen Tarayyar Turai, da takardar zama ɗan Jamus aka haife shi, sai 1919 ya zama Bafaranshe.

Sarkin Gardama:
Toh kun gani, maganata ta fito. Sun yi yaƙi sun gaji kowa ya san iyakarsa sun zauna. Ƙila mu ma da an barmu mun warware tamu da kanmu da yanzu an wuce wurin. A 1964 shugabannin Afirka suka zauna a Alƙahira suka ce a bar iyakokin mulkin mallaka yadda suke, ni ina ganin tsoro ne kawai.

Dokta Ɗan Zariya:
Haba Sarkin Gardama, kasan me kake roƙo kuwa? Polan kaɗai ta rasa mutum kusan miliyan 6 a yaƙin duniya na biyu, rabinsu Yahudawa. Ni na tsaya a layin iyakar Medyka tsakanin Yukiren da Polan cikin sanyin da baka jin yatsun ƙafarka, mata da jarirai a naɗe cikin bargo, maza suna rako iyalansu su juya don an hanasu fita. In wannan ne warwarewa Allah ya tsare mu da ita. Kuma wa ya ce maka an wuce wurin? Yugoslabiya fa, Srebrenica 1995 an kashe musulmi maza da yara kusan 8,000. Rasha ta ƙwace Kirimiya daga Yukiren a 2014. Ana kan yi yanzu haka.

Sarkin Gardama:
Dokta ban ce a yi yaƙi ba, Cek da Sulobakiya ai sun rabu a 1993 ko mari ba'a yi ba.

Dokta Ɗan Zariya:
Guda nawa ne irinsu? lissafo min.

Hafsat 'Yar Jami'a:
Ni abin da bai shige min ba, Jamus da ƙarfinta da kuɗinta yanzu me ya hanata cewa a dawo mata da Breslau?

Malamin Tarihi:
An daɗe ana wannan rigimar a cikin gidansu. Jamus ta Yamma ta shafe shekaru bata amince da iyakar Oder da Neisse ba, waɗanda aka koro suna da ƙungiyoyi masu ƙarfi da ƙuri'u miliyoyi, ba ɗan siyasar da yake son taɓa su. Shugaban gwamnatinta Willy Brandt ne ya yi ta maza ya je Warso babban birnin Polan a Disamba 1970 ya sa hannu, ranar ce ya durƙusa a gaban wurin tunawa da Yahudawan da aka kashe, ya koma gida wasu suna kiransa maci amana. Magana bata mutu murus ba sai Nuwamba 1990, bayan haɗewar Jamus, shima sharaɗi ne da manyan ƙasashen suka gindaya kafin su yarda a haɗe. Ita ma Polan ta haƙura da Lviv da Vilnius, tana cikin ƙasashen farko da suka amince da 'yancin Yukiren a Disamba 1991. A ganina wannan haƙurin ne ya tsayar da layin, don adalci kam babu shi a yadda aka ja shi.

Ummu Ilham:
Amma fa buɗewar ma ba kullum ba. Tun 2007 aka cire shinge tsakanin Polan da Jamus, sai gashi daga 2023 'yan sandan Jamus sun dawo suna tsayawa a gada suna duba motoci saboda 'yan gudun hijira, kuma mu masu baƙar fata kun san wa ake fara cewa ya nuna fasfo.

Ɗan Jibiya:
Hajiya ku da sauƙi, mu da aka rufe boda a 2019 buhun shinkafa sai da ya zama kamar zinari 😂 Malam tambaya ta ƙarshe, akwai musulmi a duk wuraren nan da ake ta yanka?

Malamin Tarihi:
Akwai, wata ƙabila ce da ake kira Tatar, tun ƙarshen ƙarni na 14 suke ƙasar Lituweniya, mahaya dawaki ne da suka yiwa sarakunan yaƙi. Sobieski ɗin nan da ya yaƙi Usmaniyawa shi ya basu ƙauyuka a 1679 a madadin albashin da suke bi, kuma akwai su a rundunarsa a Biyana. Da aka ja layin 1945 yawancin garuruwansu suka faɗa ɓangaren Sobiyet, wato Belarus da Lituweniya na yau, tsofaffin masallatai biyu ne suka rage a Polan, na Bohoniki da na Kruszyniany, ƙananan ginin katako ne dab da iyakar Belarus. A maƙabartar Bohoniki Tatar ɗin suka binne wasu 'yan gudun hijira da suka mutu a dajin iyakar a 2021.

Baba Na Mubi:
Allah ya jiƙan musulmi. Malam musulmi a ɓangaren kirista suna yaƙar Usmaniyawa, wannan kuma wane irin abu ne?

Sarkin Gardama:
Yauwa Baba, nima nan zan tsaya. Malam ka buɗe mana sabon zare kan yaƙin Biyana gobe, ina da gardama a kai, don naji Faransa ƙin taimakawa tayi da gangan.

Malamin Tarihi:
In sha Allah bayan isha'i, amma ka fara karanto waye Kara Mustafa da abin da sarkinsa ya yi masa a Belgrade kafin ka zo min da gardamar.